Farantin Malam Mahadi

Malam Mahadi malamin kimiyya ne a wata sakandare a Tsafe, amma abin da aka fi saninsa da shi a unguwa shi ne ɗakinsa na zaure. Rabin ɗakin littattafai ne, jere bisa katakan da ya ɗora a kan bulo saboda gara. Ɗaya rabin kuwa gawarwakin na'urori ne: rediyoyin da aka farke wa ciki, tsofaffin wayoyi, da wata kwamfuta da ba ta tashi sai an danne mata gefe. Matarsa Sadiya ta daina share ɗakin tun ranar da ta kwashe wani ɗan ƙarfe ta zubar, ya wuni yana tonon bola.

Farin cikinsa da baƙin cikinsa duk ƙanana ne. In batirin sola ya riƙe caji har ya gama littafin da ya sauke a waya, ranar har yaran maƙwabta sai sun sha alewa. In ya ɗaga littafi ya ga gara ta yi masa hanya a ciki, ko gilashin waya ya tsage, to ko tuwo ba ya yi masa daɗi.

Sai shekarar da aka katse layukan waya a jihar, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana. Ƙarshen damina ne, gero ya fi mutum tsayi. An rufe makarantu, an hana cin kasuwannin mako. Mahadi ya wayi gari ba aji, ba sabis. Yakan ciro wayar ya duba, ya mayar aljihu, kafin ya kai bakin ƙofa ya sake cirowa.

“Malam, ba fa za ta yi magana don ka kalle ta ba,” in ji Sadiya.

Da zaman ya ishe shi, ya shiga mota ya tafi Gusau wurin abokinsa Nathaniel, mai shagon gyaran waya kusa da tsohuwar kasuwa. A can ƙuryar shagon ya hango wani tsohon farantin satalayit da tsatsa ta fara ci. Ya tsaya yana kallonsa. Ya taɓa karanta cewa irin wannan faranti yana tattaro sigina mai rauni daga nesa, in aka ɗaura modem, 'yar na'urar kama intanet, a daidai tsakiyarsa.

Nathaniel ya gane abin da ke ransa. Ya ce, “Tica, ɗauka in kana so. Amma da ni ne kai, da ban taɓa ba. Gwamnati ba ta kashe sabis don wani ya kunna ba.”

“Littafi kawai zan sauke,” in ji Mahadi.

Bayan unguwarsu akwai dutse, ba mai tsayi sosai ba, inda awaki ke hawa. Nan ya riƙa ɗaukar farantin bayan sallar asuba, in gari ya fara haske, a naɗe cikin tsohon buhu. Kwanakin farko bai samu komai ba sai ciwon ƙafa. Ya canza wayar haɗi, ya canza tsayin sandar da ya ɗaura modem a kai, ya juya farantin gabas, ya juya kudu. Wata safiya yana shirin sauka sai wayar ta yi ƙara a tafin hannunsa. Sandar sabis ɗaya ta fito, tana zuwa tana ɓacewa, daga wani wuri mai nisa da shi kansa bai san ko ina ne ba. Saƙonni suka riƙa shigowa suna ture juna. Ya zauna a kan dutsen yana dariya shi kaɗai.

Bai iya riƙe labarin ba. Ya gaya wa Sadiya, Sadiya ta gaya wa maƙwabciyarsu Mairo, wadda ɗanta ke karatu a Zariya kuma ta kwana biyu ba ta ji muryarsa ba. Kafin mako ya zagayo, mutane sun fara zuwa zaure da yamma. Wannan a gaya wa ƙanensa a Kaduna matarsa ta sauka lafiya. Wancan a tambayi likita ko a ci gaba da maganin. Mahadi ya hau da safe da saƙonni, ya sauko da amsoshi. Bai taɓa jin yana da amfani a unguwar kamar lokacin ba. Har fura ake aiko masa.

Ana cikin haka aka kai hari wani ƙauye a hanyar Bilbis. An tare manoma a gona da hantsi, aka tafi da wasu. Abin da ya fi tayar wa mutane hankali shi ne maharan sun zo daidai ranar da 'yan sa-kai suka tafi jana'iza wani gari. Aka fara cewa wani ne ya gaya musu. To da me ya gaya musu, alhali babu sabis?

Ba wanda ya ce wa Mahadi komai. Furar ce ta fara tsayawa. Sannan masu saƙo suka ragu, har suka ɗauke ƙafa. A masallaci wanda ya saba tsayawa kusa da shi ya koma wancan gefen sahu. In ya doso teburin mai shayi sai hira ta mutu, a amsa sallamarsa a taƙaice, kowa ya duƙufa kan kofinsa. Sadiya ta dawo daga gidan Mairo ta ajiye mayafi fuska a ɗaure. Sai da ya matsa mata.

“Yara ne ke faɗi a bakin famfo,” ta ce. “Wai infoma.”

“Wa?”

Ta dube shi kawai.

Washegari da la'asar Jatau ya yi sallama. Dattijo ne, tsohon maharbi, shi ke jagorantar 'yan sa-kan unguwar, kuma abokin marigayi mahaifin Mahadi ne. Ya jingine bindigarsa a bakin ƙofa, ya cire takalmi, ya zauna a tabarma. Ya daɗe yana bin katakan littattafan da kallo.

“Duk waɗanga ka karance su?”

“Yawancinsu, Baba.”

“Madalla.” Ya ɗauki wata tsohuwar waya ya juya ta a hannu. “Mahadi, ni na san gidan da ka fito. Amma yaran da ke bayana ba su sani ba. Cikin waɗanda aka ɗauka akwai wan ɗayansu. Suna tambaya ta, mi Malam ke yi bisa dutse kullum da safe, da wa yake magana? Ni mi zan ce musu?”

Mahadi ya buɗe wayarsa ya miƙa. “Ga ta, Baba. A duba. Littattafai ne da saƙonnin mutanen unguwa.”

Jatau bai karɓa ba. “Ni ban iya karatun boko ba. Waɗanda suka iya kuma cewa za su yi ka goge.” Ya miƙe yana dafa gwiwa. “Ina riƙe da su. Ban san iya lokacin da zan iya ba.”

Mahadi ya yanke shawarar ya daina hawa. Amma akwai saƙon Mairo da ya tura, ɗanta ba shi da lafiya, ana jiran amsa. Ya ce zai hau sau ɗaya tak.

Amsar ta zo, yaron ya samu sauƙi. Yana saukowa da farantin a buhu sai ya ga mutum zaune a kan wani falalen dutse a gindin hanya, yana ɓare gyaɗa. Bai san shi ba. Tufafinsa irin na kowa ne, riga da hula, sai dai takalmansa na roba sun yi kaca-kaca da jar laka, irin wadda babu ita a cikin gari.

“Malam Mahadi, an sauko lafiya?”

“Lafiya lau. Ban gane ka ba.”

“Ba komai.” Ya miƙo masa gyaɗa, Mahadi ya girgiza kai. “An ce kana da fasaha. Akwai mutane can ciki da ke son a haɗa musu irin wanga. Ba za ka daɗe ba. A kai ka bisa babur, a maido ka. Ba mai taɓa ka, ba mai taɓa Sadiya.”

Ashe har sunan matarsa mutumin ya sani. Ya ce, da muryar da bai gane tasa ba ce, “Abin ba ya aiki sosai.”

“Yana yi. Mun ga kana dariya.” Mutumin ya kaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa ya tashi. “Ka yi shawara. Za a zo a ji.” Ya bi ta cikin gero, geron ya rufe bayansa.

Mahadi bai shiga gida ba. Kai tsaye ya wuce gidan Jatau, inda wasu samari ke zaune a ƙofa suna goge bindigogi. Ya ajiye buhun a gabansu, ya zazzage faranti da modem da wayoyin haɗi.

“Ga shi, Baba. Na bar muku. Ku fasa, ko ku ajiye.”

Ya so ya faɗi zancen mai gyaɗa. Ya dubi fuskokin samarin, ya ga in ya ce mutanen daji sun san sunansa har sun aiko masa, ya gama yanke wa kansa hukunci. Ya haɗiye maganar.

Jatau ya sa aka shigar da kayan ɗakin da suke ajiya. Ya rako shi 'yan taku, ya ce a hankali, “Mahaifiyarka na Kekun Waje ko? Ka je ka gaishe ta. Ka daɗe kana gaishe ta.”

Da azahar suka bar Tsafe, shi da Sadiya da jaka biyu. Ya tsaya a zaure yana duban katakan, ya ɗauki wannan ya mayar, ya ɗauki wancan, a ƙarshe ya fita da ƙamus ɗaya da ko buɗe shi ba ya yi. Suka shiga motar Gusau. Direba na gudu, kowa idonsa na kan gonakin da ke gefen titi. Suka sauya mota zuwa Bungudu, suka isa Kekun Waje kafin magariba.

Iya, mahaifiyarsa, ta yi murna, ba ta tambayi dalili ba, ta dai kalli jakunkunan ta kalli Sadiya. Mahadi ya shiga aikin gona tare da ƙannensa, hannuwansa suka yi kanta. Ko wayar ba ya fitarwa a gaban mutane. In babur ya tsaya a ƙofar gida sai ya tsaya ya kasa kunne, har sai ya ji muryar wanda ya sani.

Da aka maido da sabis a Gusau, Nathaniel ya aiko a gaya masa ya zo, aiki ya yi masa yawa. Suka kama ɗaki a Tudun Wada. Mahadi ya samu benci a can cikin shagon, bayan labule, yana canza gilashi da bakin caji. Ya fara sauke littattafai kuma. Har ya soma yi wa Sadiya surutun abin da ya karanta, tana gyangyaɗi.

Wata ranar Talata da hantsi wayarsa ta yi ƙara, lambar da bai sani ba. Ya ɗauka yana riƙe da ƙarfen narka dalma.

“Malam Mahadi, ashe Gusau aka koma.”

Ya gane muryar. Bayanta yana jin iska da kukan shanu.

“Ba sai ka zo ba yanzu,” in ji mai gyaɗa. “Farantinka na wurinmu. Da shi nake kiranka. Na ce bari in yi maka godiya, aikinka na da kyau.”

Layin ya katse. Mahadi ya zauna har dalmar ta ɗiga a kan benci. Farantin da ya ajiye da hannunsa a gaban Jatau, aka shigar ɗakin ajiyar 'yan sa-kai. Wani ya fito da shi daga ɗakin nan ya kai daji. Ya cire layin daga wayar ya karya shi da filaya. Da yamma ya gaya wa Sadiya da Nathaniel. Nathaniel ya ce a kai rahoto. Sadiya ta ce, “A ce wa ya haɗa farantin?”

Bayan an yi girbi, wata motar hatsi ta tsaya a gaban shagon. Jatau ne ya sauko daga gaba, ya rame, ba bindiga. Ya sa aka sauke buhuna huɗu.

“Littattafanka ne. Na ga gara ta fara hawa katakan, na ce kada su lalace.”

Mahadi ya durƙusa ya gaishe shi, ya kawo masa ruwa da kujera. Ya kwance bakin buhu ɗaya, ƙamshin ɗakinsa na Tsafe ya bugi hancinsa, idonsa ya kawo ruwa. Dattijon nan ya ɗauko su tun daga can, a wannan hanyar, ba wanda ya sa shi.

“Ya unguwa, Baba?”

“Sai godiya. An sake ɗaukar mutum biyu satin da ya wuce. Yanzu dai ba mai ambaton sunanka.”

“Kayan nan da na bari fa?”

Jatau ya kurɓi ruwa. “Suna nan inda aka aje su,” ya ce, yana kallon masu wucewa a titi.

Mahadi ya dubi gefen fuskarsa, bai ga komai ba. Ko dattijon bai sani ba ne, ko kunya ce ta hana shi faɗi, ko kuwa wani abu ne daban. Direban motar ya danna oda. Jatau ya miƙe, ya laluba aljihu ya ciro 'yar ƙaramar wayarsa mai madannai.

“Waccan lambar taka ba ta shiga. Sa mini sabuwar, don in an buɗe makaranta in sanar da kai.”

Mahadi ya karɓi wayar. Nathaniel ya daina abin da yake yi a bayan kanta. Mahadi ya danna lambobin a hankali, da ya zo ta ƙarshe ya sa wata daban, ya miƙa da hannu biyu.

“Allah ya kiyaye hanya, Baba.”

Ya tsaya har motar ta sha kwana, sannan ya ja buhunan ɗaya bayan ɗaya zuwa bayan labule.