Ƙasar Maƙabarta a Ɗakin Mbah Kardiman

"Buɗe baki mana, Kwamanda, kada ka kunyata ni," in ji Bu Lastri. Ta miƙa yankan gwanda a bakin cokali, tana tsaye nesa-nesa.

Kwamanda bai ko dube ta ba. Iguwana ne, wani irin babban ƙadangare kore, daga baki zuwa wutsiya ya haura kamu biyu, kuma yau kwanansa goma sha shida bai ci komai ba. Zagaye ɗakin kawai yake yi, yana kartar siminti har faratansa suka yi jini.

Maigidansa, Mbah Kardiman, yana kallo daga gado. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, ba mata, ba ɗa. Asibiti sun sallamo shi da ciwon hanta ya fi ƙarfinsu. Bu Lastri maƙwabciyarsa ce, tana sayar da shinkafa da miyar gyaɗa a bakin lungu, kuma ita ke kawo masa kunu. Kwana biyu ke nan ya ture kwanon, wai sai Kwamanda ya ci zai ci.

"Mbah, ƙadangare ne fa."

"Shekara biyar muna cin abinci tare. Ke mijinki ya taɓa zama ya ci da ke?"

"Mijina dai ba ya kartar siminti."

Tsohon ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce ta ɗora masa dabbar a ƙirji. Ba ta taɓa taɓa shi ba. Ta naɗe hannuwanta da zane, ta yi bisimilla, ta ɗauka. Mbah ya bi cikin da yatsu a hankali, ya rufe ido, ya sake bi.

"Lastri," ya ce. "Mun yi wa baiwar Allah ƙarya. Mace ce. Ƙwai ne fal cikinta."

"Ƙwai? Da wa ta yi?"

"Kaza ba ta yin ƙwai ko babu zakara? Rami take nema. In ba ta samu ƙasa ta tona ba, su za su kashe ta."

Ƙasa kuwa babu ita a lungun. Sau uku ana ƙara masa tudu da siminti saboda ruwan tekun da ke shigowa wannan gefe na birnin Semarang. Wuri ɗaya ya rage, maƙabartar bayan masallaci. Kuma kowa ya san abin da ake yi da ƙasar maƙabarta: a watsa ta a ƙofar mai sana'a, abincinsa ya riƙa lalacewa, masu saye su watse. Mai abincin da aka gani da ita ta gama kasuwa.

Bu Lastri ta dubi kwanon kunun, ta dubi tsohon. Ta ɗauki bokiti biyu ta fita.

"Kasuwar wa za ki kashe, yaya?" in ji Pak Tukijo mai haƙar kabari.

"Tawa. Zuba."

Da ya ji bayani, ya ce ba zai taɓa ƙasar kowa ba. Ya kai ta wurin da Mbah ya kama wa kansa kusa da mahaifiyarsa, ya ɗiba daga nan. Sawu uku suka yi da rana tsaka. Mata na ganinsu suna janye farantan sana'arsu zuwa ciki.

Suka juye ƙasar a rabin tankin ruwa, suka jawo shi gaban gadon. Mbah ya ɗebi kaɗan ya murza tsakanin yatsu.

"Ta ina ce?"

"Taka ce, Mbah," in ji Pak Tukijo.

"Ba laifi. Da laushi."

Kwamanda ta shinshina, ta tsaya cik, sannan ta fara tono. Ƙafafun gaba na kwasa, na baya na watsarwa, ba hutawa. Mbah ya miƙa hannu ba tare da ya juyo ba, Bu Lastri ta ba shi kunu. Cokali huɗu ya sha.

Bayan la'asar Kwamanda ta kai gindin tankin, ta juya, ta lafe. Ƙwan farko ya fito fari, mai taushi, girman babban yatsa. Matan da suka janye farantai yanzu sun cika taga, ba mai ko tari. Mbah ya fara ƙirgawa a hankali, Bu Lastri na taya shi. Goma. Ashirin da biyu. Talatin da ɗaya. Sai da ta kai arba'in da bakwai ta lura muryarta kaɗai take ji.

Ta rufe masa ido, ta yi salati. Ba wanda ya yi kururuwa, domin Kwamanda ba ta gama ba. Fatarta ta saki kamar rigar aro, amma ta mayar da ƙasar, ta daddanna da hanci, ta shafe saman da ciki har ba a gane inda ramin yake.

"Shekara talatin ina wannan aiki," in ji Pak Tukijo ƙasa-ƙasa, "ban taɓa rufe rami haka ba."

Washegari da hantsi aka fito da makara. Lungun duka ya bi ta, ana watsa furen wardi a hanya. Bu Lastri ta tsaya kulle ɗakin. Sai ta ga Kwamanda ta sauko, ta rarrafo bakin ƙofa inda rana ta faɗo. Ta karkata kai ta dubi wani ganyen fure a kan siminti, ta zaro harshe ta ɗauke shi. Ta matsa gaba kaɗan, ta ɗauki na biyu.