Mesar Marigayi Pwajok

Mako bakwai ke nan da binne Pwajok, mako bakwai kuma mesarsa ba ta sa komai a baki ba. Matarsa Firisila ba ta taɓa son wannan maciji ba. Shekara tara suna faɗa a kansa a gidansu na unguwar Congo-Russia a Jos. Amma yanzu da mai gidan ya tafi, ta ji ba za ta iya jure wa mutuwar abin da ya fi ƙauna a hannunta ba.

Sai ta yi wa mesar abin da aka san ana yi wa mai makoki. Ta ciro akwatin da mesar take ciki daga lungun bayan kicin ta kawo falo, don kada kaɗaici ya kashe ta. Ta buɗe taga, ta zauna kusa tana lallashi: "Daure ki ci, ko kaɗan ne." Matan zumuntar coci ma idan sun zo gaisuwa sai sun leƙa, daga nesa dai, su ce sannu. Mesa ta dunƙule ta ɓoye kai, ɓeran da aka ajiye mata ya sandare.

Ranar Talata Badung ya zo, abokin marigayin, tsohon ma'aikacin gidan dabbobi. Ya dubi akwatin, ya dubi tagar da iskar damina ke shigowa, ya kama baki.

"Maman Yael, a wannan sanyin na Jos? Kuma a tsakiyar jama'a?"

"To, na bar ta ita kaɗai ne? Tana makoki fa."

"Ba makoki take ba. Sanyi take ji, idanu kuma sun yi mata yawa."

Ya mayar da akwatin lungunsa, ya naɗe gorar ruwan zafi da tsumma ya jingina a gefe, ya ɗumama wani ɓeran ya ajiye, ya rufe da tsohon bargo. "Kada ki leƙa sai gobe," in ji shi.

Da ƙyar ta daure. Da safe ta ɗaga bargon a hankali: babu ɓera, cikin mesa ya yi tudu.

Firisila ta zauna a ƙasa, daɗi da baƙin ciki suka taho mata tare. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, masu gaisuwa ne. Ba ta tashi ba. Ta yi kukan mijinta a nan lungun, ba mai cewa ta yi haƙuri.