Garin da Benaye Ke Miƙa Wuya

Karatun digiri na biyu ne ya kawo Suwaiba Dubai, ta baro 'yarta Ramlat, 'yar shekara shida, a Kano wurin Hajiya, mahaifiyarta. Aikin da malamarta ta ɗora mata shi ne nazarin wani tsohon littafin yara na Turawan Ingila, na ƙarni na sha tara, wanda ba komai a cikinsa sai soki-burutsu. Wai ta gano inda rayuwar marubucin ta ɓuya a ciki. Suwaiba ba ta yarda ba. A ganinta, mutum ne kawai ya ci ya ƙoshi ya zauna yana ɓarnar takarda.

Kullum da la'asar, in ta tsallako ruwa a kwalekwale zuwa masaukinta a Bur Dubai, sai ta kira gida, lokacin Ramlat ta taso daga makaranta. Da tatsuniyoyin da ta gada suka ƙare, sai ta shiga ƙago nata. Ta yi mata wani gari inda ake auna sanyi a mudu, jirgin ƙasa ba shi da direba sai ya tambayi fasinja hanya, benaye kuma kullum sai sun ƙara tsawo. Sarauniyar garin wata akuya ce mai tabarau. Ramlat takan yi dariya har ta sarƙe.

Ran nan yarinyar ba ta yi dariya ba.

"Umma, me ya sa benayen suke ta miƙa wuya?"

"Haka Allah ya yi su, 'yar lele."

"A'a. Kano suke so su hango. Kuma akuyar nan kullum sai ta manta ɗanta a wani gari. Yaushe za ta je ta ɗauko shi?"

Hajiya ce ta karɓi wayar.

"Kin dai ji da kunnenki. Jiya a saman matakala na kama ta ta yi ɗage, wai ita ma bene ce, ta kusa hango ki."

Suwaiba ta zauna a bakin gado ta yi kuka mai isarta. Da ta share hawaye, ta janyo littafin Baturen, ta sake karanta shi tun daga fari. Sai ga shi kowace dabba a ciki jiran wani take yi a bakin ƙofa. Ta tuna ta karanta cewa tun marubucin yana ƙarami aka raba shi da gida aka kai shi makarantar kwana.

Washegari ta nemi izinin zuwa gida. Malamar ta ce inshallah, amma sai an gama jarrabawa, watanni nan gaba. Da ta gaya wa Ramlat, yarinyar ta ce, "To kar ki ƙarasa labarin a waya. Ki bari sai kin zo, ina kan cinyarki."

Tun daga ranar hirarsu ta koma ta makaranta da haƙorin Ramlat da ya fara girgiɗi. Labarin kuwa Suwaiba ta riƙe shi, kullum yana ƙara tsawo a ranta, ba wanda take gaya wa.