Kuɗin da 'Yar Mai Agogo Ta Mayar

Shekara ashirin da bakwai Direba ya yi yana jan tasi kafin bayansa ya ce ya gaji. Tun daga nan aikinsa ya koma ɗaukar kwalaye daga shagon matarsa zuwa gidan waya, a tsohuwar motar da yanzu ta fi shi tari.

Matar tasa kowa 'Yar Mai Agogo yake ce mata, don a hannun mahaifinta ta koyi gyara, kuma shagonsa ta gada. Ɗan ɗaki ne tsakanin mai aski da mai sayar da fenti, tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, da akwatuna cike da matattun agoguna. Da mutane suka koma duba lokaci a waya, sai ciniki ya mutu. Ba ta rufe shagon ba. Ta shiga sayen tsofaffin agoguna a hannun 'yan gwangwan, ta farfaɗo da su, ta ɗauki hotonsu, ta sa a shafin gwanjo na intanet inda mutanen ƙasashen waje suke tayawa. Wanda ya fi kowa tayi shi ne da kaya.

Da yawa cikin masu sayen tsofaffi ne da ba su yarda da biya da katin banki ba, sun fi son su je bankinsu su turo kuɗi kai tsaye. Wasu 'yan gwanjon ba sa karɓar haka, sun ce wahala ce, kuɗi ya yi kwana huɗu a hanya, bankuna su yi ta gutsura. Ita tana karɓa. Sharaɗinta dai, kaya ba ya barin shago sai ta je banki da ƙafarta an tabbatar mata kuɗin sun zauna.

"Saƙon waya fa?" Direba ya taɓa tambayarta. "Ba ga shi an rubuto sun shigo ba?"

"Baban yara, ni ma na iya rubutu," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

To, akwai wani agogon aljihu na azurfa da ta yi wata biyu tana fama da shi. Ranar da aka rufe gwanjonsa, wani ya ci shi a kan dubu ɗaya da ɗari biyu a kuɗin ƙasarsu. Ya rubuto cikin ladabi cewa ta banki zai biya, ta aika masa lambar asusu. Direba ya naɗe agogon a auduga, ya sa a kwali, ya manne, ya ajiye a kan kanta yana jiran umarni.

Rana ta huɗu da hantsi suka je banki tare. Ma'aikaciyar da ke kula da kuɗin waje ta duba kwamfuta, ta sake dubawa, sannan ta juyo musu da fuskar na'urar. Dubu goma sha biyu ne suka shigo.

Kafin su isa mota saƙon mai sayen ya iso. Ya ce sakatarensa ne ya yi kuskuren ƙara sifili, yana ba da haƙuri. Ya roƙi ta cire kuɗin agogon, ta riƙe dubu guda ladan wahalarta, ragowar ta tura a wani asusu da ya rubuto, yau yau, don albashin ma'aikatansa ne.

"Dubu guda!" in ji Direba yana dukan sitiyari. "Maman yara, injin motar nan ke nan, har da taya huɗu. Kuma ba sata muka yi ba, shi ya bayar da bakinsa."

Ta fito da takardar da bankin ya buga mata, ta sa ɗan gilashin da take maƙalawa a ido in za ta duba cikin agogo, ta bi layukan da yatsa.

"Duba nan. Wanda ya ci gwanjo namiji ne. Kuɗin daga asusun mace suka fito, sunan ma ko kusa. Asusun da ya ce in tura kuma na wani ne dabam, a wata ƙasa dabam. Mutum uku a cinikin agogo ɗaya?"

"Wataƙila matarsa ce."

"Wataƙila. In matarsa ce, in na mayar mata ai gida suka koma. Kashe motar."

Suka koma ciki. Ta ce wa ma'aikaciyar tana son a mayar da kuɗin gaba ɗaya, ta hanyar da suka zo, zuwa asusun da suka fito, kuma a rubuta wa bankin can cewa tana zargin mai asusun ba ta san abin da ake ciki ba. Ma'aikaciyar ta gargaɗe ta cewa cajin mayarwa a kanta zai faɗa, kuma ba kaɗan ba ne.

"Na ji. Kawo takardar in sa hannu."

Direba yana tsaye a bayanta yana kallon biron yana tafiya. "Raina ne ya so ya ɓaci," haka ya riƙa faɗa daga baya, "amma ita ko a jikinta, sai na rasa ta inda zan fara."

Mai sayen bai ɗauki abin da sauƙi ba. Ladabin nan duk ya zube. Ya kira ta ɓarauniya, ya ce zai kai ta kotu, ya kai ƙara wurin masu shafin cewa ya biya an hana shi kaya. Masu shafin suka dakatar da ita har sai sun bincika. Agoguna bakwai da take da su a gwanjo aka sauke su rana ɗaya.

Mako uku ba ciniki. Mai aski ya leƙo ya ce da shi ne da tuni ya karɓi dubunsa ya yi gaba. Ƙanwar Direba ta bugo waya ta ce, "Yaya, matarka taurin kai ne da ita, ka yi mata magana mana." Shi kansa ya yi kwana biyu yana amsa mata magana da hanci. Ita kuwa kullum da safe ta buɗe shago, ta wana agogunan bango ɗaya bayan ɗaya, ta zauna da hantsakinta. Duk takardar da masu shafin suka nema ta aika musu, rasit ɗin banki, saƙonnin mutumin, hoton kwalin da ke kan kanta har yanzu a manne. Ranar da motar ta mutu musu a tsakiyar titi, ita ta fita ta tura, tana haki tana dariya.

"Ka ga, da na karɓi dubun nan da ban samu motsa jiki ba."

Dariyar ta kama shi shi ma, fushin ya tafi daga nan.

A mako na huɗu aka buɗe mata shafinta, aka rufe na mutumin. Wanda ya zo na biyu a tayin ya sayi agogon azurfar, a ƙasa da farashin farko. Direba ya ɗauka magana ta ƙare.

Bayan wata biyu sai ga ɗan kwali daga ƙasar waje, da wasiƙa a ciki, rubutun hannu mai karkarwa. 'Yarsu ta fari, wadda take aikin jinya, ita ta zo ta fassara musu. Mai wasiƙar ita ce matar da kuɗin suka fito daga asusunta, tsohuwar malamar makaranta ce mai shekara saba'in da tara. Wani ya kira ta a waya ya ce daga bankinta yake, wai ɓarayi sun shiga asusunta, ta yi maza ta kwashe ajiyarta zuwa wani asusu mai tsaro. Lambar da ya ba ta ta 'Yar Mai Agogo ce. Da an tura ragowar inda ya ce, da kuɗin sun ɓace, kuma sunan da 'yan sanda za su gani shi ne na shagon nan. Malamar ta ce kuɗin da ta tara ne don kada ta zama nauyi a kan kowa. A takardar bankinta ta ga sunan shagon, maƙwabciyarta ta nemo mata adireshin a shafin gwanjon.

'Yar tasu ta tsaya ta share ido, sannan ta ci gaba. Agogon da ke cikin kwalin na marigayi mijin malamar ne. Ya tsaya shekara shida da suka wuce, kuma ba ta taɓa yarda ta ba kowa ya buɗe shi ba. Tana tambaya ko za a duba mata, ko nawa ne za ta biya ta banki.

Direba ya kalli matarsa. Yana jiran ta ce masa ka gani ko, don ya cancanci a ce masa hakan. Ba ta ce ba. Ta jawo fitila, ta sa gilashinta, ta ɓalle murfin bayan agogon a hankali, ta daɗe tana leƙawa.

"Babu abin da ya karye," ta ce. "Mai ne ya bushe masa. Rubuta mata, ki ce kwana goma. Ki ce kuma kada ta turo ko sisi sai ya isa hannunta ta ji yana bugawa."

Direba ya buɗe baki zai tuna mata sharaɗinta, sai ya fasa. Ya tashi ya shiga neman kwalin da zai yi daidai da agogon.