Jitar Bahago

"Miƙo hannunki," in ji malamar jita.

Auta ta miƙa na hagu. Malama ta shafa kan yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta ji su da laushi tuɓus, sai ta ɗago kai.

"Ba kin ce shekara uku kina kaɗawa ba? To ina kantar?"

Yarinyar ta miƙa na dama. Ga kanta nan kuwa, ta yi tauri a kan yatsu huɗu. Malama ta ce, "Ikon Allah," ta rubuta wani abu a takarda.

Uban Auta bai ɗauke ido daga wannan rubutun ba. Yana zaune a benci kusa da ƙofa, sai murza gwiwa yake yi. Bahago ake ce masa, mai gyaran rediyo ne, kuma shi ya koya wa Auta jita a bayan shagonsa, shi da babu wanda ya taɓa koya masa. Aji biyu ne a makarantar. Akwai na manya, inda ake zaɓar masu kiɗa a gaban jama'a, akwai kuma na 'yan shekara bakwai. Auta shekararta goma sha huɗu, ta kuma riga ta cika wa ƙawayenta baki cewa ajin manya za ta shiga. Yau za a san ko koya mata ya yi, ko ɓata ta ya yi.

Malama ta juya baya, ta ɗan sassauta tsirkiya ɗaya a ɓoye, sannan ta miƙa mata jitar. Bahago ya gani, bakinsa har ƙaiƙayi yake, amma ya danne. Auta ta ja yatsa sau ɗaya ta yamutsa fuska.

"Malama, wannan ta saki."

Ta ɗaure ta daidai, ko taimako ba ta nema ba. Malama ta tafa wani kiɗa mai sarƙaƙiya, Auta ta mayar mata tsaf. Uban ya sauke numfashi, har ya fara jin kansa wani ne.

"To, kaɗa min abin da kika fi so."

Auta ta juya jitar, wuyanta ya koma dama, tsirkiya mai kauri ta dawo ƙasa, siririyar ta hau sama. Ta kama kiɗa. Kai, ya yi daɗi! Amma Malama ba hannun kawai take kallo ba, har baki ta riƙe.

"Da wane hannu kike rubutu?"

"Dama."

"Wa ya koya miki riƙe jita a kife?"

Auta ta saci kallon benci. "Ba kowa. Ni kaɗai na koya."

Wannan ƙaryar ta fi zagi yi masa ciwo. Wato har ta kai 'yar cikinsa ce ke rufa masa asiri.

"Ni ne, Malama," ya ce. "Bahago ne ni. Yadda ta zo min hannu haka na kama, haka kuma na ba ta."

Malama ta ajiye biro. Ba ta yi dariya ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Kunnenta ba shi da na biyu a ɗalibaina, wannan kam aikinka ne. Amma duk zanen yatsu da ke cikin littafinmu sai ta kifa shi a kanta kafin ta danna, 'yan ajin manya kuwa ba za su jira ta ba. In ta zauna a haka, za ta yi ta burge mutane a gida, iyakarta ke nan. In ta juya, to da yara za ta fara."

Idon Auta ya cika da hawaye. "Baba, kai fa ka ce haka ake riƙewa."

Ya girgiza kai. "Haka nake riƙewa, uwata. Ba haka ake riƙewa ba. Juya ta."

Ta dube shi, sannan ta juya jitar. Ta danna da hagu, tsirkiya ta yi wani gurnani mara daɗin ji, ta janye yatsun tana yarfewa. Malama ta rubuta ajin farko.

"Saura abu ɗaya," ta ce da uban. "Ido ya fi kunne saurin kwaikwayo. Kada ka ƙara kaɗawa a gabanta sai hannunta ya zauna. Zai iya kai shekara."

"Haba, wannan ai mai sauƙi ne," in ji Bahago, yana miƙewa. "Da ma jitar tawa ƙura kawai take sha."

Auta ta sunkuyar da kai. Ko da safen nan tare suka kaɗa kafin ya buɗe shago.