Giris a Tayar Auta

Duk layin an san Bakanike da kunne. Babur zai wuce ta ƙofar garejinsa, ko kai bai ɗago ba zai ce, "Boris ɗin tayar gaba ya ci," kuma in an kwance haka za a tarar. To kunnen nan ne yanzu ya hana shi sakat. Kullum da yamma sai ya ji tayoyin takalmin 'yarsa Auta suna tahowa da nauyi kamar ana jan buhu a ƙasa, kuma ya san dalili, don shi ne dalilin.

Auta wasan tsere da takalmin taya take yi a wani filin siminti da ke bayan makarantarsu, kuma a da ba mai shan gabanta. Rannan ta shiga kwana da gudu, ta kife, wuyan hannunta ya karye. Shi ya ɗauke ta zuwa asibiti, shi ya riƙe ta ana ɗori tana ihu tana kiran Baba. Mutumin da ke ɗaga injin mota da hannu biyu, ranar sai da aka ba shi kujera.

Hannu na warkewa ta jawo takalmanta daga ƙarƙashin gado. Hana ta kuwa ba zai yiwu ba, don kafiya a wurinsa ta gada. Ta kawo masa su gareji ta ce, "Baba, sun daɗe a ajiye, duba min su."

Ya kwance tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya zare boris, ya ɗage murafen da tsinin allura, ya wanke 'yan ƙwallayen ƙarfen da kananzir har suna ƙyalli. Abin da ya rage ɗigon mai marar kauri ne kawai, irin na keken ɗinki. Kwalbar na hannunsa. Sai ya ajiye ta, ya jawo gwangwanin giris mai kauri da yake cusa wa tayar babbar mota, ya danƙara a kowane boris, ya mayar da murfi. Ya ce wa kansa rigakafi ya fi magani. Ai ba lalata su ya yi ba, rage musu zafi kawai ya yi.

Ya zaci za ta ɗan rage gudu, shi ke nan, kowa ya huta. Bai taɓa kawowa a ransa cewa kanta za ta ɗora wa laifin ba.

Ta fara dawowa gida da ciwon cinya. Yaran da a da ƙeyarta kawai suke gani suka fara wuce ta. Sai ta ƙara lokacin atisaye, ta rage cin abinci wai ta yi nauyi, ta daina yi wa yayyenta tsiya a wurin cin abinci. Mamanta ta ce, "Yarinyar nan ta yi sanyi, ko hannun ne bai gama warkewa ba?" Bakanike ya ce, "Wace yarinya? Me kike nufi?" da ƙarfi har cokali ya suɓuce masa. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Kullum yana cewa gobe zai wanke su, ba sai ta sani ba. Goben ta zo, sai ya tuna ihun nan na asibiti, ya fasa. Ya koma yi mata tsarabar da ba ta roƙa ba, yau safa, gobe ribom. Tana godiya, godiyar na ƙona shi.

Ana saura kwanaki kaɗan a zaɓi waɗanda za su shiga ƙungiyar makaranta, ta shigo gareji da takalman rataye a wuya, fuska a murtuke. Yana ƙarƙashin wata mota, ƙafafunta kawai yake gani.

"Baba, ka san abin da Koci mai horar da mu ya yi min yau?"

"Me ya yi?"

"Wai in ba shi takalmina ya duba tayoyin, wai kamar suna riƙewa. Na ce masa a'a. Na ce Babana bakanike ne, shi ya gyara su da hannunsa, duk garin nan ba wanda ya fi shi sanin boris. A gaban kowa na faɗa."

Bakanike na kwance, sipana a hannu, baƙin mai na ɗiga masa a kunci bai goge ba.

"Ni na san matsalar," ta ci gaba, muryarta ta sauka. "Ni ce. Tun da na faɗi tsoro ya shige ni. Ina turawa da duk ƙarfina, wallahi Baba da duk ƙarfina, amma ƙafata ta ƙi. Na zama matsoraciya kawai. Ba zan je zaɓen ba, kar in ba ka kunya. Zan ba 'yar Gwaggo takalman, ƙafarmu ɗaya."

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya so a ce motar ta sauko ta danne shi ya huta. Ya turo kansa waje a hankali, ya goge hannu da tsumma, ya jawo mata benci.

"Zauna. Ɗauki sipanar can ƙarama, kwance tayar gaba."

"Baba, na ce maka ba tayar ba ce."

"Kwance dai."

Ta kwance. Ya nuna mata yadda ake sa bakin ƙarfen da tayar ke juyawa a kai a banƙaro boris, ya ba ta allura. Ta yi ta fama da murfin, ya zame mata, ta sake, har ya ɗago. Giris ne cunkus a ciki, ya yi baƙi, ya kama yashi da gashi, 'yan ƙwallayen ko ganinsu ba a yi. Ta lakato da yatsa, ta shinshina. A garejin nan ta yi rarrafe, ta san warin. Ta juya ta dubi gwangwanin da ke kan teburin aiki, sannan ta dube shi.

"Wannan ai na babbar mota ne."

"Shi ne."

"Kuskure ka yi?"

Ga ƙofa ta buɗe masa da kanta, in ya ce eh, magana ta ƙare. Ya dubi hannunta na hagu, wanda har yanzu ya fi ɗayan siranta.

"Ba kuskure ba ne, Auta. Da gangan na sa. Tsoro na ji kar ki sake faɗuwa. Ba ke ce matsoraciya ba, ni ne."

Ya jira ta yi kuka ko ta yi faɗa, da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta daɗe tana kallon giris ɗin da ke yatsanta, sannan ta ce, "Da me ake wankewa?"

Ya zuba mata kananzir a gwangwanin madara. Ta jefa boris ɗin, ta girgiza, ruwan ya koma baƙi ƙirin. Ta zubar, ta sake, ta shanya a kan tsumma. Ya ce mata ɗigo ɗaya ya isa, ta ɗiga ɗaya. Haka ta bi duk tayoyin ƙafar dama. Da ta ɗaure ta ƙarshe, ta ɗan sassauta notin kamar yadda ya ce, ta buga tayar da tafin hannu. Tayar ta kama juyawa shar, ta ƙi tsayawa. Auta na kallonta, hawayen da ta riƙe suka zubo.

"Ashe ba ni ba ce," ta ce, ba da shi take ba.

Bakanike ya ga rana ta yi ƙasa, ga takalmin hagu ko taɓa shi ba a yi ba. Ya miƙa hannu zai ɗauka, ko ya rage mata aiki. Ta riga shi, ta jawo takalmin ta ɗora a cinyarta, ta dafe da hannu biyu.

"Bar shi, Baba. Zan yi da kaina."

Ba da tsawa ta faɗa ba, da ladabinta ta faɗa. Ya janye hannun, ya rasa inda zai ajiye shi. Ya zauna a gefen bencin yana kallon 'yarsa tana kwance noti a hankali, ta ɗan juya masa kafaɗa.