Ritayar Inna Mai Shara

Inna tana cikin jera kujerun roba a ɗakin taro gwiwarta ta sake ƙagewa. Ta dafa bango har zafin ya lafa. Yau ake walimar sallamar Sakatariya, yau kuma ita ma za ta ajiye tsintsiya, don an ce shekarunta sun ja. Rana ɗaya aka ɗauke su aiki suna 'yan mata, kuma tun lokacin a kwano ɗaya suke cin abincin rana.

Kafin mutane su taru ta leƙa ofishin jami'in ma'aikata.

"Yallaɓai, katin asibitin nan da kuɗin wata-wata da za a ba ƙawata, ni ina zan karɓi nawa?"

Ya sunkuyar da kai. "Inna, fansho da inshora na ma'aikatan dindindin ne. Ke ta wucin gadi ce."

"Wucin gadi? Ɗan nan, kana goye nake share ofishin nan."

"Na sani, Inna. Sai mai takardar sakandare ake mayarwa dindindin."

"Ina firamare babanmu ya rasu, aka cire ni." Ta yi 'yar dariya. "Ita dai gwiwa ba ta tambaye ni takarda ba."

Bai iya taya ta dariyar ba.

A wurin walima manaja ya kira Inna uwar kamfani, aka tafa, aka miƙa mata agogon bango. Da aka watse ta tattara kofuna ta wanke, ba don an sa ta ba.

A bakin ƙofa Sakatariya ta tsayar da motarta. "Ƙawata, shigo in rage miki hanya."

A hanya Inna ta ba ta labarin yadda suka yi da jami'in ma'aikata. Can Sakatariya ta share ido da gefen mayafi.

"Wallahi ban san haka abin yake ba. Ban taɓa tambaya ba."

"Ni ma ban tambaya ba."

"Gidana ya yi min girma, yara duk sun watse. Ki riƙa zuwa kina kama min aiki, zan biya ki. Kada ki ji wani iri, don Allah."

Inna ta gyara agogon a cinyarta. Ta tuna maganin gwiwa ya ƙare, ga maigida kwance tun bara.

"Gidan naki akwai bene, ko?"

"Akwai."

Inna ta shafa gwiwarta.

"To, Hajiya. Ƙarfe nawa zan zo?"